Buhun Geron da Na Ɗauko wa Hajiya

Bari in faɗa da bakina kafin maƙwabta su riga ni: a labarin nan babu wawa sai ni. Akwai direba, akwai 'yan kwastan, akwai ruwan sama, amma kowannensu aikinsa ya yi.

Na shigo unguwar Nima ta ƙasar Gana ina saurayi, da niyyar in yi damina biyu in koma. Ina nan har gemu ya yi fari. Na sayar da goro, na yi gadi a Adabraka, na kasa agoguna a shataletalen Circle har idona ya daina ganin allurarsu. Na auri haihuwar Maamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, wadda yanzu nake kira Hajiya, ita kuma tana ce mini Alhaji in ana shiri, "tsohon nan" in na ɓata mata. 'Ya'ya suka zo, jikoki suka biyo, bakinsu rabi Hausa, rabi Turanci da yaren Asante.

Da gwiwa ta fara yi mini gardama sai na tara gida na yi jawabi. Na ce ni da Hajiya za mu koma garinmu, can bayan Maraɗi, mu ƙarasa sauran kwanakinmu. Ta ce ba inda za ta. Uwarta na kwance a maƙabartar nan, jikokinta na nan, wa ta sani a can? Na ce don ba ta taɓa shan furar geron gonarmu ba ne, wannan da ake damawa a Nima ai ruwan alli ce.

"In kin kurɓa sau ɗaya, da kanki za ki ɗaure kaya."

"To je ka kawo, mu gani," in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar wake ba.

Karatuna bai yi nisa ba, amma na san ƙalubale in na ji shi. Na shiga mota.

Wanda bai yi wannan tafiya da tsofaffin ƙasusuwa ba, kada ya ce mini ya san gajiya. Kujerata tana kan taya. Ƙarƙashin ƙafata jarkokin manja na wata 'yar kasuwa, a cinyata kan wani bawan Allah da ya yi barci tun Tema. A kowace iyaka sai a sauke mu, mu yi layi a rana, a dubi takarda, a dubi fuska, a sake duban takarda kamar a tsakani na canja kamanni. Salloli suka taru mini kamar wanki. Kafin mu haye kogi mu shiga ƙasarmu, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi su, na rataye shi a wuya.

Na isa. Ɗan ƙanena, wanda gidan ke hannunsa yanzu, ya karɓe ni da mutunci, ya yanka kaza, ya sauke ni a ɗakin baƙi. Ɗakin da aka haife ni ya zama wurin ajiye babur. Duk wanda na tambayi labarinsa sai a ce, "Ai ya riga mu gidan gaskiya." Yara na leƙe suna cewa ga Baba na Gana. Bazara ce, zafi kamar an kifa mini tukunya. Da safe sai in ji cikina na neman kokon da ake sayarwa a bakin kwatar layinmu a Nima, da hayaniyar masu jiran famfo. Ban gaya wa kowa ba. Dattijon da ya tara iyali ya yi jawabi ba ya komawa ya ce wasa yake.

Aka buɗe rumbu aka sussuka mini buhu guda, gero fari tas, ƙamshinsa kaɗai ya sa na yi hawaye. Na ce ga lauyana.

A tasha direba ya ce kaya sun yi yawa, tamfol bai kai bayan mota ba. Ko in jira motar gaba, ko buhun ya hau sama tsirara. Na ɗaga kai na dubi sama, wayam, ko gajimare na rantsuwa babu. Na yi masa huɗuba.

"Ɗana, ruwa a wannan wata? Ko kai baƙo ne a ƙasar nan?"

"Baba, kudu fa za mu."

"Ɗora!"

Ya ɗora. Ni da na shekara arba'in da ɗoriya a bakin teku, na fi kowa sanin cewa lokacin da arewa ke ƙuna shi ne lokacin da kudu ke ambaliya. Sau nawa na kwashe ruwa da bokiti daga ɗakina a Nima a daidai wannan wata? Amma 'yan kwanakin da na yi a gida sun isa in zama ɗan gari a kan abu ɗaya tak, wanda bai kamata ba.

'Yan kwastan suka fara nasu. Kowane shinge sai wani ya hau ya soka wa buhun tsinken ƙarfe, ya murza gero a tafinsa, ya yi ƙasa. Kafin Kwatano ruwa ya sauko, irin wanda ba ya sallama. Ina zaune ina jin sa yana dukan rufin mota, direba na kallona ta madubi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka bi bakin teku ruwa na rakiyarmu har Aflao.

Na iso Nima a jiƙe, ƙafa kamar turmi. Majiya ƙarfi biyu suka shigo da buhun suna nishi, suka jingine shi a lungun bayan ƙofa inda rana ba ta leƙawa. Na kafa doka: kada wanda ya taɓa shi sai na miƙe, da hannuna zan kwance. A raina ina cewa ai saman ne kawai ya jiƙa. Zazzaɓi ya kwantar da ni kwanaki. Hajiya na gasa mini ƙafa da ruwan zafi, tana ba ni koko a baki, ba ta tambaye ni komai game da garinmu ba. Wannan shirun ya fi zazzaɓin cin rai.

Ranar da na iya takawa na aika aka kira abokan zamana na bencin ƙofar masallaci, su zo su shaida. Aka jawo buhun tsakar gida. Tun kafin in sunkuya wani tsami ya bugi hancina. Ta kowace hudar da 'yan kwastan suka yi, wasu fararen zare sun leƙo. Na kwance bakin. Gero ya tsiro, ya sarƙe da juna ya zama curi guda kamar tabarma. Abokaina suka shiga duban ƙasa, ɗaya ya kama tari.

Na gyara murya. Na fara bayani a kan halin direbobin zamani, da yadda in Allah ya kai mu rani zan koma in ɗauko wani, sannan maganar ƙaura tana nan daram.

Hajiya ta sunkuya ta tsinko curi ɗaya, ta ɗaga shi kowa ya ga saiwoyin.

"Ei, Alhaji. Geron nan ya fi ka hankali. Sati ɗaya ya yi a Nima, ya san ya zo gida, ya sa saiwa. Kai sai ka kashe mana ƙafafu nawa?"