Littafin da ya sha man shanu

Shekarar da kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, ya ce kowace unguwa a Filinge ta ba da yaro a kai lakwal, wato makarantar boko, dattawan unguwarmu sunka zauna, sunka duba yaron da rashinsa ba zai rage hatsi a rumbu ba, sunka ba da ni. Ban yi fushi ba. Ko ni anka tambaya, kaina zan nuna.

Baba ya haƙura, tunda lakwal ɗin cikin gari take, da marece ina gida. Abin da ke hana shi barci Yamai ce. Wanda duk ya ci jarrabawar shiga babbar lakwal, can ake kai shi, kuma mun ga ɗan maƙwabcinmu da ya dawo daga can da wando matsattse, yana gaida ubansa a tsaye. Ni kaɗai ne namiji a gidanmu. Baba kan ce ko ragon jaki ya fi ɗaukar kaya a kai.

Malaminmu, da muke kira Mushe, mutumin Dahome ne, zafin ƙasarmu ta Kurfai ya ƙarar da shi sai wuya. Shekarar da munka kai ajin ƙarshe, da bazara ta kama, jarrabawa ta matso, sai ya raba wa manyan aji littafi guda guda, ya ce kowa ya karanta a gida kullum, karatu ya zamar mana kamar fura. Ba shi da ƙarfin sauraren kowa shi kaɗai. A aji tare muke rerawa, ni nawa motsa baki ne. Don haka ya ɓullo da dabara: ran Litinin zai duba littattafai, wai wanda anka karanta, da gani an sani.

Da na kai nawa gida, Inna ta ja da baya kamar na shigo da kububuwa.

"Kayan Nasara? In ya yage, ubanka za su kai aikin hanya!"

Ta naɗe shi a tsumma, ta sa a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta rataye. Ran Litinin na kai shi fes. Mushe ya juya shi, ya sansana, ya ba ni bulala har na tuna kakannina. Ɗan mahauci kuwa, da ya ajiye nasa kusa da tukuba, duk kitse ya ɓata shi, sai Mushe ya ɗaga shi sama ya ce ga mai ƙoƙari.

Ran nan na gane karatun boko.

Na saci man shanun Inna. Kullum in lakata a yatsa, in bi shafi shafi. In lanƙwashe kusurwa, in kanga shi a hayaƙin murhu, in zauna a kansa ina cin tuwo. Gaskiya ban taɓa tsallake rana ba, kuma har yau ban ga ɗalibin da ya kai ni naci ba. Kafin wata ya mutu littafina ya kumbura, ya yi baƙi, kiyashi na bin sa sahu.

Da kumandan ya zo duba lakwal, nawa Mushe ya miƙa masa. Kumandan ya riƙe da yatsu biyu, nesa da hancinsa, ya gyaɗa kai. Ya sa tafinta ya faɗa cewa wannan yaro shi ne fitilar Kurfai, kada a sake sa shi aiki sai bayan jarrabawa. Gardi, dogarin kumandan, da bindigarsa ya kai wa Baba saƙon har gida.

To, nan na ga duniya. Baba na sassabe a rana, ƙannena mata na jan ruwa, ni ina kwance gindin gawo da littafi a fuska, yana kare mini ƙuda, ko da yake shi ke kiran su. In Baba ya daɗe yana kallona sai in buɗe shafi in yi gunaguni, nan take ya kau da kai. Ramewa ya riƙa yi. Na so in gaya masa ya kwantar da hankalinsa, amma inuwar gawon nan da sanyi take.

Wata safiya Baba ya ja ɗaya daga awakinmu biyu da hannu ɗaya, ni da ɗaya, sai zauren malamin unguwa.

"Allah gafarta Malam, yaron ga za su amshe min. Ka ɗaure mai kai."

Malam ya dube ni, ya dubi akuya, ya fi daɗewa a kan akuya.

"Karatun nashi ya yi nisa?"

"Nisa? Dibi littahin! Kumandan da kainai ya yaba."

Malam ya taɓa littafin, ya shafe yatsa a buzu. "Lalle ya shige shi ƙwarai. Aikin ga babba na. Amma ba a rasa nono a ruga."

Mako guda ina shan rubutu safe da marece, don in manta abin da ban sani ba.

Ranar jarrabawa wani Nasara ya zo daga Yamai da nasa littafi, sabo fil, fari tas. Tausayinsa ya kama ni, babba da shi bai taɓa karatu ba. Mushe ya tura ni gaba, ni ne na fari. Nasara ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layi. Na yi abin da na iya: na lashi babban yatsa, na murza shafin, na lanƙwashe masa kusurwa da kyau. Ya fizge littafinsa, ya sake nuna layin. Sai na buɗe murya na rero abin da nake ji ana rerawa a aji, ina lilo da kai. Bai bari na kai ƙarshe ba. Mushe ya jingina da bango, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Yara biyu anka ɗauka, masu littattafai masu tsabta, waɗanda sunka fi kowa shan bulala. Ni anka sallame ni daga lakwal gaba ɗaya. Baba ya yanka zakara, Inna ta yi guɗa. Sunan malam ya kai har kasuwar Baleyara: shi ne ya ɗaure yaron da kumandan ya yaba. Awaki sunka cika masa gida.

Bayan shuka, gardi ya kawo takardar haraji. Baba ya miƙo mini, na juya ta sama, na juya ta ƙasa, na mayar masa. Ya sake ja na zuwa zauren malam.

"Allah gafarta Malam, ɗaurin ya yi yawa. A sassauta mai kaɗan, ko takardar Nasara shi riƙa duba muna."

"Kwancewa ta hi ɗaurewa wuya," in ji malam. "Sai da wata akuya."

Saura ɗaya gare mu, kuma tana da ciki. Baba ya auna mu a ransa, ni da akuyar. Can ya miƙe, ya kaɗe rigarsa.

"Tashi mu tahi gona. A bar shi haka nan, Malam."