Tafin Ƙafar Alkasim a Tsohuwar Gona

Shekara goma Alkasim, ɗan manoman Dogondutsi, yana sayar da huluna a unguwar Bronx, can ƙasar waje, bai taka ƙasar noma ba. A 2014 ya samu aikin shara a wani wurin shaƙatawa na gwamnatin jiha a tsibirin Staten Island da ke birni ɗaya da Bronx, tsohuwar gona da aka bar wa jama'a. Ranar farko ya tuɓe takalmi, ya ratsa ciyawa, ya ce wa shugabarsa, "Nan kunyoyi ne, can da ƙasa ta lotsa kuma rijiya ce." Ta yi dariya. Da aka ɗauko tsohuwar taswira, sai ga rijiya daidai inda ya nuna. Tun ranar, in baƙi suka tambayi tarihin wurin, ba a neman takarda, Alkasim ake kira.