Ƙwaƙwalwa Takwas, Bakwai Suna Barci

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Lawal, kuma har yau ofishin ƙungiyar manomanmu da ke Malumfashi bai taɓa aiko mana da shawarar shuka a kan lokaci ba. Na faɗa, ba kuma zan janye ba.

Lawal ne mai kwamfutar ƙungiya. Mu muke auna ruwan sama a gwangwani, mu rubuta abin da kowace gona ta bayar. Shi kuma ya zuba a manhajar ƙididdiga, ta nuna irin da ya dace da kowane ƙauye da makon da za a shuka shi. Saboda rubutun nan na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da jikoki.

Wata rana na iske kwamfutar tana huci. Na ce, “Kai Lawal, za ta ƙone!” Ya yi dariya ya ce, “Yaya, gayya take yi. Ƙwaƙwalwa takwas gare ta, amma in ba ka raba musu aiki ba, ɗaya ce ke noma, bakwai na gindin bishiya.” Sai ya ba ɗaya lissafin Dayi, ɗaya Gozaki, ɗaya Danja, kowa da kunyarsa, a ƙarshe a haɗa. Aikin kwanaki ya ƙare kafin la'asar.

Wanda ya gaje shi ya ji hucin nan ya tsorata, ya kashe rabon. Yanzu ƙauyuka sun ƙaru, ga hotunan gonaki, ga wutar da ba ta zama. Ƙwaƙwalwa ɗaya na ja, wuta ta ɗauke, a koma farko. Bara takardarsu ta iso Dayi masarata ta riga ta tsiro, ta kuma ƙone a fari. A ciki an rubuta mu jinkirta shuka.

Da Lawal zai leƙo, ba zagi zai yi ba, shi ba ni ba ne. Zai ja kujera ya gyara layi biyu na umarni a manhajar. Layukan suna cikin littafinsa, a wurina. Jiya na kai shi ofishin. Jami'in ya ce, “Hajiya, wannan ba aikin ajin manya ba ne. In ta lalace, ke za ki sayo wata?” Na ce, “Malam, ai ta lalace tun da ka hana ta gumi.” Ko buɗe littafin bai yi ba.

Abin da ya rage na Lawal ke nan: littafin da babu mai karantawa sai ni, ni kuma na iya haɗa baƙaƙen, ban san inda ake sa su ba.

Yau da safe na sa littafin a ƙasan adaka, na zubar da ruwan gwangwani ban auna ba, na ɗauki sungumi na nufi gona.