Buhun da Ke Jikin Bango

Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Agusta, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda masu injin niƙa da masu kiwon kaji suka fi sani da Mai Tsinke. Ta rasu a asibiti bayan 'yar gajeriyar jinya. Nasa muke, wurinsa kuma za mu koma. Na rubuta wannan na soke, na sake rubutawa, domin ni na saba rubuta abin da ya faru a yini ne kawai, ba abin da ya fi ƙarfina ba. Inda na gaza, Yaya, ki yi haƙuri.

Ga wanda bai san ki ba, aikinki a hukuma shi ne duba abincin dabbobin da ake sayarwa kafin ya isa bakin kaza ko saniya. Tsinken da aka laƙaba miki wani dogon ƙarfe ne mai rami, ki soka shi a buhu, ya zaro abin da ke can tsakiya. Ba kya taɓa buhun da aka turo gabanki. Sai kin sa an sauke layi har ƙasa, kin nufi na jikin bango. Leburori kan ce tsinken nan har cikin mutum yake gani.

Wata damina na haɗa abincin kaji mai yawa a ɗan injina, wata babbar gona tana jiran kaya. Sai ga motar hukuma a ƙofa. Na ce, "Yaya, sannu da zuwa." Kika ce, "Sannu, mai inji. A buɗe sito."

Kika soki buhun masarar da ke can ƙurya, kika murza a tafin hannu, kika shinshina. Ashe bangon yana tsattsafo da ruwa, fumfuna ta kama masarar ta baya, gaba kuwa a bushe ƙalau. Da wannan masarar na yi haɗin. Na ce miki ai kaza ba ta zaɓe, za ta ci ta kwana lafiya. Ba ki ɗaga murya ba. Kika ce, "Ba kazar nake ji ba. Ƙwan da za ta saka, wa zai ci? Autarka ba kullum ake soya mata ba?"

Kika ɗebi samfuri, kika rufe siton, kika manna hatimin hana ciniki. Da sakamako ya fito daga ɗakin gwaji, gubar fumfunar ta wuce ƙa'ida. A gabanki aka ƙone kayan, kina tsaye har toka ta huce. Gonar ta koma wani wuri, ni kuma na fara tunanin sallamar ma'aikata in rufe injin gaba ɗaya.

Inna ta kira ki, ta tambaye ki ko injin ƙaninki kaɗai ne a garin. Kina durƙushe kika saurare ta har ta gama, sannan kika ce, "Inna, idan na tsallake nasa, da wane ido zan rufe na ɗan wata uwar?" Har yau ina mamakin inda kika samo wannan ƙarfin, domin na san ba ki taɓa musa mata magana ba. Zumunci ya yi sanyi a tsakaninmu, muna gaisawa kamar maƙwabta.

Wata Asabar sai ga ki babu kayan aiki, a motar mijinki, an cika bayanta da katako, ga magini a tare. Kika ce, "Yau yayarka ce ta zo, kawo mini kujera." Kika sa aka yaɓe bangon, aka kafa katakon a ƙasa don kada buhu ya sake taɓa siminti, aka bar tazara tsakanin kaya da bango yadda mutum zai bi ta baya ya wuce. Kika ce iska ma tana da haƙƙi a sito. Ranar da za a cire hatimin kuma, Mai Tsinke ce ta dawo, ta sake nufar buhun ƙurya, ba ta raga mini ba ko kaɗan.

Waccan gonar ba ta dawo ba. Amma ƙananan masu kiwo suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, suna cewa siton da ya tsallake tsinken matar da ta rufe na ƙaninta, za a iya saye a cikinsa ido a rufe. Da su injin ya rayu. Ban sani ba ko kin hango haka. Na yi niyyar in tambaye ki, ban samu tambaya ba.

Jiya wadda aka ba aikinki ta zo, tana ta jin nauyi saboda makoki. Ban jira ta tambaya ba. Na bi da ita ta hanyar nan da kika bari, na nuna mata buhun da ke kusa da bango, na ce ta fara da shi.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki, Ya saka miki da Aljanna a kan kowane bakin da kika kare ba tare da ya san ki ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'ya'yanki, da abokan aikinki, da Inna, wadda tun ranar Laraba take gaya wa duk mai shigowa gaisuwa cewa 'yarta ba ta taɓa tsallake buhun kowa ba. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki.