Bakin Rumbun Labbo

A gidan su Labbo na Mungadi akwai al'adar da suka gada tun kakanni. Hatsin ci yana ƙananan rumbuna, kowa na iya ɗebowa. Irin gero kuwa yana ƙasan babban rumbu, kuma wanda ya shiga ya fito da shi ranar ruwan shuka, shi ke riƙe da gandu. Shekara goma sha ɗaya Labbo yana shiga yana fita kamar gafiya.

Shekarar da aka yanke jihar Kebbi ya zama dillalin albasa a Aliero. Wuni a kan buhu, shayi mai kauri da safe, tsire da la'asar. Jiki ya buɗe, mutane suka ce hutu ne. Da kaka ta biyu ya hau tsani zai ajiye iri, ya zura ƙafafu a bakin rumbu, ya maƙale a ƙugu. Ba gaba, ba baya. Matarsa Tabawa kaɗai ke gida, da man gyaɗa ta zare shi, sannan suka jefa dammunan daga sama.

"Malam," in ji ta, "in ruwa ya sauka kana hakanga, Isa za ya shiga."

Isa ƙanensa ne, siriri kamar karan dawa, mai yawan cewa gona ba ta son mai zaman kasuwa.

Washegari Labbo ya jingine babur. Ƙafa ke kai shi gona, ta kai shi bakin titi ya hau mota. Ya bar sukari, ya koma shan fura gayanta. Tabawa ta sauya masa akushi da ƙarami, miyar yakuwa ta fi tuwon yawa. Ya kama azumin Litinin da Alhamis, har liman ya yaba masa a gaban jama'a. Labbo ya sunkuyar da kai, don ya san ba Lahira ce ta fara tashinsa sahur ba, bakin rumbu ne.

Tabawa ta auna bakin da igiyar kaba, ta ƙulle. Kowace Juma'a takan zagaya masa ita a ciki.

"Saura yatsa huɗu."

"Kin ja dai da kyau?"

"In na ƙara ja, tuwon jiya ya hito."

Isa kuwa kullum da tsiyarsa: "Yaya, wagga rama, lahiya dai? Ko albasa ta daina ciyarwa?"

Ruwa ya sauka wata Talata da hantsi, saura yatsa biyu. Gida duk ya taru a gindin rumbu, Isa ya riƙe tsani. Labbo ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya zura ƙafafu, ya fitar da numfashi duka. Ƙugu ya goga, ya ɗan tsaya, sai ga shi tsulum a kan dammuna.

Ya zauna a ciki yana haki, hawaye na zuba, ba mai ganinsa. Da ya ɗaga kai sai ya lura gefen bakin ya sha kankara da wuƙa, an shafe wurin da sabon yumɓu. Ya daɗe yana kallo. Aikin mutum biyu ne, dole wani ya riƙe tsani.

Ya miƙo damin farko. Isa ya karɓa yana ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi, Yaya. Ni da ciyar da baki ashirin? Allah shi kiyaye."

Labbo ya sauko, ya dubi hannun Tabawa, ta ɓoye shi cikin zane. Bai tambaye ta ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

"Gobe a sa mani sukari," ya ce.

"Cokali guda, Malam. Baɗi ma akwai shuka."