Yaya Ilu da ƙwaro mai idon zinariya

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Ilu makwancinsa a Utai, amma bana, da darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, ta sauka a audugata, sai nake jin kamar jiya muka rabu.

A zamanin ƙuruciyarmu, in aka ga waɗansu fararen ƙwayaye a bayan ganye, kowanne a tsaye bisa siririn zare kamar gashi, cewa ake yi irin darɓa ne. Tsinke ganyen muke yi mu ƙona. Yaya Ilu kuwa bai yarda ba. Ya ɗebi ganyen da darɓarsa ya sa a ƙwarya, ya rufe da ƙyalle. Innarmu ta ce, "Ilu, wasu na kiwon awaki, kai kana kiwon annoba?" Ya ce, "Inna, gani ya kori ji."

Da ƙwayayen suka ƙyanƙyashe, sai ga 'yan tsutsotsi masu baki kamar hantsaki, suna kama ƙwarin darɓa suna tsotsewa. Da suka ƙoshi, kowacce ta naɗe kanta cikin farin ƙunshi. Daga nan koren ƙwaro ya fito, fukafukansa shara-shara, idonsa kamar zinariya. Yaya ya yi tasbihi, ya ce, "Ashe dakarunmu muke ƙonawa."

Yau ga sabon zamani. Malamin gona ya zo Wudil da famfon feshin maganin ƙwari, maƙwabtana duk sun yi feshi, ganyensu fes. Na tambaye shi ko maganin yana bambance mai ɓarna da mai gyara. Mutumin kirki ne, ya ce, "Gaskiya, Baba, bai san kowa ba."

To, me Yaya zai ce? Ba na zaton zai ƙi famfon, don shi ba ya ƙin abin da bai gwada ba. Amma da audugar nan nake tufatar da iyalina, kuma ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu. Saboda haka na sa an feshe rabin gonar, rabin da ke wajen kogi na bar wa masu idon zinariya.

Maiɗakina ta ce wautar gidanmu ce ta motsa. Wataƙila. Yaya bai bar rumbu ko garke ba, haƙurin dubawa kafin yanke hukunci shi ne gadon da na samu. In kaka ta yi, Allah zai nuna mini ko gado ne mai ciyarwa. Allah ya jiƙansa.