Akuyar Inna da hasashen kakar bana

Jiya a gidanmu na Gwaram na ture kwanon tuwo, saboda masu sharhin ƙwallo sun jera ƙungiyoyi sun ajiye tamu can ƙarshe, alhali ko wasa ɗaya ba a buga ba.

Kakata Inna ta ce, "An ci ku ne?"

Na ce, "A'a Inna, masana ne suka yi hasashe."

Ta ce, "Ai bara ma masana sun ce akuyata ba za ta ga damina ba. Waiwaya."

Ina waiwayawa, ga akuya garau, ta janyo rigar ƙungiyarmu daga igiyar shanya tana tauna. Da ƙyar na ƙwato rabi.

Jama'a, wannan bushara ce, ko tun yanzu an fara cin mu?